Tsohon ɗan dambe: hannu na nan, ƙafa da haɓa ne ke tafiya

Duk ranar da aka ce wani tsohon zakaran damben zamani zai koma fili, gardama iri ɗaya ce ke tashi a fadojin Maradi, tun daga Zariya har Bagalam. Wannan ya ce da tsohuwar zuma ake magani, ya jawo sunan George Foreman. Wancan ya ce tsufa ba shi da magani, ya jawo Mike Tyson da ya sha kashi a hannun Jake Paul yana da shekara 58. A ganina duka biyun ƙarshen wasa kawai suke kallo. Tsoho na iya yin kisa, wannan ba abin musu ba ne. Amma kisan tsoho yana da sharuɗɗa, kuma mafi yawansu ba a hannunsa suke ba, suna hannun yaron da ya yarda ya tsaya a gabansa.

Mu ɗauki na Foreman ɗin, tunda shi ne hujjar kowa. Ranar 5 ga Nuwamba 1994 ne, a Las Vegas. Foreman na da shekara 45 da nauyin kilo 113. Michael Moorer na da 26, bahago ne, ya yi wasa 35 ba a taɓa cin sa ba, yana riƙe da kambun masu nauyi na hukumomin damben duniya biyu, WBA da IBF. Foreman ya ajiye dambe tun 1977, ya yi shekara goma yana wa'azi a coci, ya dawo a 1987. Holyfield ya ci shi da maki a 1991, Tommy Morrison ya ci shi a 1993, kuma daga wannan faɗuwar ce kai tsaye ya zo wa Moorer. Turmi tara Moorer na zungurarsa da hannun gaba har ido ya kumbura. Alƙalai biyu sun rubuta 88 da 83, na uku 86 da 85, duka Moorer ke gaba. Da ya yi ta kewaya fili na minti tara kacal, da ya koma gida da kambunsa.

To me Foreman yake yi duk tsawon turamen nan? Idan bahago ya haɗu da mai dama, ƙafafunsu na gaba suna fuskantar juna, kuma tsirar bahago ita ce ya riƙa kewayawa zuwa damarsa, yana nisantar babban hannun abokin karawa. Foreman ya yi ta jefa faffaɗan naushin hagu ta gefe, da yawa ba su samu ba, ƴan kallo na ganin tsoho na dukan iska. Aikinsu dai shi ne toshe wannan hanya, su koro yaron zuwa bakin hannun dama. Mai horar da Moorer, Teddy Atlas, ya yi ta gargaɗinsa a lokacin hutu kada ya tsaya a gaban mutumin nan. Amma wanda yake duka yana samu tun turmin farko, wa zai hana shi tsayawa? A turmi na goma Foreman ya sa hagu, dama ta biyo. Ya maimaita, wannan karon damar gajera ce, ta sauka a haɓa. Minti 2 da daƙiƙa 3 da shiga turmin, an gama ƙirga goma.

Abin da ya sa naushi gajere irin wannan ke kwantar da ƙato shi ne juyawar kai. Ƙwaƙwalwa ba a ɗaure take da ƙashi ba, tana cikin ruwa ne, kamar dunƙulen fura a ƙwaryar nono: ka murɗa ƙwaryar da sauri, dunƙulen zai makara kafin ya bi ta. Haɓa ita ce wuri mafi nisa daga inda kai ke juyawa a kan wuya, don haka duka a bakinta ya fi na goshi murɗa kai. Ƙwaƙwalwa ta girgizu, saƙo ya yanke tsakaninta da jiki, ƙafa ta saki. Shi ya sa naushin da mutum bai gani ba ya fi kisa. Wanda ya ga hannu na tahowa yana ɗaure wuya, ya cije haƙora, ya bi dukan da kai ya rage masa ƙarfi. Wanda bai gani ba wuyansa a sake yake. In kuma yana shigowa da gudu, nauyin jikinsa ma ya haɗu da na naushin.

Wannan duk tsoho na iya yin sa. Ƙarfin naushi daga ƙasa yake tasowa: tafin ƙafa ya danna, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, hannu ya isar. Wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana maimaita wannan ba ya mantawa, ƙashin hannu da faɗin baya kuma ba sa raguwa da wuri. Abubuwan da ke tafiya daban ne, kuma ba tare suke tafiya ba.

Ƙafa ce ke fara gudu. Turmi minti 3 ne, hutu minti 1, wasan kambu turmi 12. Yaro na iya yin minti 36 yana shiga yana fita a kan yatsu. Tsoho zai fara tsayawa a kan dugadugai, ya nemi igiya ya jingina. Minti ɗayan hutu da ke ishe shi dā ya daina isarsa, sai ya tashi daga kujera da gajiyar turmin baya. Bayan ƙafa sai abin da tsofaffin ƴan dambe suka fi kuka da shi: ido ya ga ƙofa a buɗe, zuciya ta ce jefa, kafin hannu ya tashi ƙofar ta rufe. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a dambe shi ne tsakanin mai duka da wanda ake duka. Ta ƙarshe ita ce haɓa. Ita kam ba shekarun haihuwa kaɗai ke cin ta ba, yawan dukan da aka tara ne, kuma galibinsa ba a wasa aka sha shi ba, a wurin atisaye ne, inda ba kyamara ba kuɗi. In haɓa ta tafi ba ta dawowa. Babu gudu, babu ɗaga ƙarfe, babu laya da ke maido ta.

Ku lura da sauran kashe-kashen tsofaffi da ake yawo da bidiyonsu a WhatsApp, za ku ga fasali ɗaya ne. Archie Moore, wanda ya yi kisa sama da 130 a rayuwarsa, ya haura arba'in lokacin da ya kara da Yvon Durelle a ƙasar Kanada a Disamba 1958. An kai shi ƙasa sau uku a turmin farko, aka ƙara ɗaya a na biyar. Durelle ya zuba duk abin da yake da shi don ya gama, ya ƙare, Moore ya kashe shi a na 11. Juan Manuel Marquez na da 39 a Disamba 2012, karo na huɗu da Manny Pacquiao. Hancinsa na zubar da jini, alƙalai uku duka sun sa Pacquiao gaba da 47 da 46. Saura daƙiƙa ɗaya turmi na shida ya ƙare, Pacquiao ya yi tsallen shigowa da ya saba, Marquez ya kauce da kai ya aje masa dama, ya kife a kan fuska. Turmi 36 Marquez ya riga ya yi da mutumin nan a wasanni uku, ya haddace takunsa. Alexander Povetkin na da 40 a Agusta 2020, Dillian Whyte ya kai shi ƙasa sau biyu a turmi na huɗu. A na biyar Whyte ya fito da tabbacin an gama, Povetkin ya sunkuya gefen hagu ya taso da naushi daga ƙasa, ta tsakanin hannuwa, wurin da ido ba ya gani.

A duka ukun, da na Foreman huɗu, tsohon ba farauta ya fita ba. Tarko ya kafa ya jira, yaro ya kawo kansa saboda yana ganin ya ci wasa. Na Azumah Nelson na Gana ne ya ɗan bambanta: yana da 37 a Disamba 1995 ya tsayar da Gabriel Ruelas a turmi na biyar, ya karɓo kambunsa na hukumar WBC, kuma shi ya mallaki wasan tun farko. Sai dai Ruelas ya shigo ne watanni kaɗan bayan Jimmy Garcia ya rasu sakamakon wasan da suka yi, mutumin da ke ɗauke da wannan a zuciya kuwa ba cikakken ɗan dambe ba ne.

Akwai kuma batun aji. Yawancin tsofaffin da ke daɗewa masu nauyi ne, don a can naushi kaɗan ake jefawa a turmi, kuma ɗaya na iya raba gardama. Zhang Zhilei na Sin ya kashe Joe Joyce a turmi na uku yana da 40, ya kashe Deontay Wilder a na biyar a Riyad a Yuni 2024 yana da 41, ya fi Wilder nauyi da kusan kilo 30. A ƙananan aji kuwa sauri ne jari. Shi ya sa abin da Nonito Donaire ya yi a Mayu 2021, ya kashe Nordine Oubaali a turmi na huɗu yana da 38 a ajin kilo 53 da rabi, ya fi burge ni a kan na Zhang nesa ba kusa ba.

Yanzu ga tambayar da masu tsohuwar zuma ba sa son a yi: bayan daren nan, me ya biyo baya?

Foreman bai sake kashe kowa ba. Wasa huɗu ya ƙara. A na farko Axel Schulz na Jamus ya kewaye shi turmi 12, aka ba Foreman da maki, jama'a na ta gunaguni, ya ƙi sake karawa da shi ya saki kambun. Tun kafin Moorer ma Morrison ya nuna maganinsa: ka buga, ka matsa, kada ka tsaya. Povetkin ya sake haɗuwa da Whyte bayan wata bakwai, bayan ya sha jinyar korona, ƙafafunsa na rawa tun turmin farko, aka gama da shi a na huɗu. Donaire ya je Japan a 2022, Naoya Inoue ya gama da shi a turmi na biyu. Zhang ya haɗu da Agit Kabayel a 2025, wanda ya bar kai ya koma dukan ciki da haƙarƙari, tsoho ya durƙusa a na shida ya kasa tashi. Jersey Joe Walcott ya ci kambun masu nauyi a 1951 yana da 37, da naushin hagu ɗaya da ya kwantar da Ezzard Charles a turmi na bakwai. Shekara guda bayan nan yana gaba da maki Rocky Marciano ya sumar da shi a na 13, da aka sake haɗuwa kuwa bai wuce turmin farko ba. Dick Tiger na Najeriya ya ci kambun ajin kilo 79 yana da 37, ya kare shi, sai ga dogon Bob Foster a Mayu 1968, hagu ɗaya a turmi na huɗu. Hatta Bernard Hopkins, wanda babu wanda ya kai shi kula da jiki da wayon kare kai, ya ci kambu yana da 46, ya ƙara a 48 da 49, wasansa na ƙarshe yana da 51 Joe Smith ya fitar da shi ta tsakanin igiya ya faɗa ƙasan dandali da kai.

Waɗannan ma masu sa'a ne, don salonsu na jure tsufa. Wanda ya gina dambensa a kan saurin ido da kaucewa, hannuwa a ƙasa, shi ranar da saurin ya ragu ba shi da garkuwar da zai koma wa. Roy Jones ya hau ajin masu nauyi a 2003 ya ci John Ruiz, sannan ya sauke kusan kilo 8 ya koma ajinsa. Ba kitse ya sauke ba, tsoka ce. A Mayu 2004 Antonio Tarver ya kashe shi a turmi na biyu, wata huɗu bayan nan Glen Johnson ya shimfiɗe shi a na tara, ya ci gaba da yawo har aka sake sumar da shi a Mosko yana da 46. Muhammadu Ali na da 38 a Oktoba 1980 da ya kara da Larry Holmes, ya rage nauyi da maganin maƙoƙo da bai kamata ya sha ba, jiki ya yi kyau a hoto amma ba ƙarfi. Turmi goma yana shan duka kafin mai horar da shi, Angelo Dundee, ya tsayar. Shekara huɗu bayan nan likitoci suka tabbatar masa da cutar karkarwa.

Rage nauyi na gaggawa shi ne babban maƙiyin tsoho. Ana awo kwana ɗaya kafin wasa, mutum ya matse ruwan jikinsa kilo uku ko huɗu, ya sha ya maido a dare ɗaya. Yaro na farfaɗowa, tsoho na shiga fili da ragowar kasala. Wanda ya haura 35 in har zai yi wasa, gara ya hau aji na gaba da ya matse kansa. Ya rage kwanakin musayar duka a atisaye, ya ƙara aikin wuya da na ƙafa. Mai horarwa kuma ya sa ido: in yaran gida sun fara samun sa da hannun gaba wanda dā ba ya taɓa shi, in duka mara ƙarfi na sa ƙafarsa tuntuɓe, in harshensa ya fara nauyi a magana, to an zo ƙarshe, ko da hannunsa na fasa buhu.

Hukumomi sun san wannan. A damben Olamfik ba a wuce shekara 40, shi ya sa aka hana Pacquiao zuwa gasar Faris ta 2024. Issaka Dabore namu na da 32 lokacin da ya kawo wa Nijar tagulla daga Munik a 1972, karo na uku da ya je gasar, kuma a damben turmi uku wannan ma shekaru ne masu yawa. A 2021 hukumar jihar Kalifoniya ta ƙi yarda Holyfield ya yi wasa yana da 58, masu shiryawa suka kwashe kayansu suka koma Filorida, aka tsayar da wasan tun turmin farko. Na Tyson kuwa sai da aka mai da turmi minti 2, aka ba su safar hannu mai kauri, duk da haka naushi 18 kacal ya samu a turmi takwas. Wannan ba dambe ba ne, cinikin suna ne.

Inda maganar ta fi shafar mu shi ne damben gargajiya. Da kaka ta yi, ƴan dambe na yawo tsakanin nan da Katsina da Kano da Sakkwato, kuma babu abin da ke cika gidan dambe kamar a ce tsohon shago zai sa zare da sabon yaro. Ga kiɗa, ga kirari, ga masu liƙi, wa zai ce ya tsufa? Alhali hannun da aka naɗe da zare ba shi da soso ko kaɗan, babu awon nauyi a mafi yawan filaye, babu robar haƙora, babu likita a bakin fili. Dokar kisa kanta tana ruɗar mutane: wanda ya dafa ƙasa da hannu an kashe shi ko da lafiyarsa lau, wanda ya sha duka a gefen kai ya tsaya da ƙafa yana layi kuwa sai a ce babu kisa, a sake turmi. Na biyun ne ke cikin haɗari. Ga tiramol da wasu ke afawa kafin wasa, yana rufe zafin da ya kamata ya gargaɗi mutum, yana kuma jawo farfaɗiya.

Na san kuɗi ne ke maido su, a can ma haka ne. Bashin haraji ne ya koro Joe Louis fili har Marciano ya fitar da shi ta igiya a 1951. Amma mu muna da ajo. Tsohon da ya yi suna a shirya masa ajonsa, yaransa su dambata, a tara masa, a ba shi alƙalanci ko horar da masu tasowa. Masu gidajen dambe kuma su ɗauki doka ɗaya daga damben zamani, wadda ba ta cin ko dala: wanda alƙali ya tsayar da wasansa saboda duka ya huta kwana 30, wanda ya suma ya huta 60, ba wasa ba atisayen duka. A yanzu mutum na suma daren Juma'a, a watsa masa ruwa, Lahadi ya sa zare. Duka na biyu kafin ƙwaƙwalwa ta warke daga na farko shi ke kumbura ta.

Wanda ya faɗi bai motsa ba, kada a ɗaga shi tsaye, kada a girgiza masa kai, kada a ɗura masa ruwa. A riƙe wuyansa daidai da jiki, a juya shi gefe don kada amai ya shaƙe shi. In ya farfaɗo, wani ya kwana kusa da shi. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barcin da ke wuyar tashi, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta rikice: ko ɗaya aka gani a nufi asibiti a daren, a nemi hoton kai. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Ga wanda ya manyanta kuma a ci gaba da lura har makonni, domin ƙwaƙwalwa na ɗan ƙanƙancewa da shekaru, ƙananan jijiyoyin da ke tsakaninta da ƙashi su miƙe su yi saurin tsinkewa, jini ya riƙa taruwa a hankali. Mutum zai ci tuwonsa ya je kasuwa lafiya, bayan sati uku ya fara mantuwa da jan ƙafa, iyali su tafi neman maganin iska.